Ka Yi Tafiya Daidai Ƙarfin Iyalinka

Karatu: Farawa 33:1-17, Afisawa 5:25-33
Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:2

Gabatarwa

 Darasin wannan mako ya shafi tsakar gida ne. Wa ke ɗebo ruwa a gidanku? Wa ke tashi da dare in yaro ya yi kuka? Wa ke ba awaki dusa, wa ke tunawa cewa gishiri ya ƙare? Wani zai ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne, me ya haɗa su da ibada. Amma sau da yawa rigimar da ke kai ma'aurata gaban fasto da dattawan ikilisiya takan fara ne daga gajiya. Mutum ɗaya ya ɗauki kaya shekara da shekaru, ɗayan kuwa bai ma san ana ɗauke da wani abu ba. Gajiya ta haifi gunaguni, gunaguni ya haifi shiru, har a wayi gari mutum biyu suna ɗaki ɗaya amma ba sa iya durƙusawa su yi addu'a tare.

Bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga wani magidanci da ya san nauyin kayan gidansa.

1. Abin da ya faru a hanya

Yakubu ya yi shekara 20 a gidan kawunsa Laban. Ya tafi da sanda kaɗai a hannu, ya komo da iyali mai yawa da garkuna. A hanya labari ya iske shi cewa wansa Isuwa na zuwa da mutum 400. Ya ji tsoro ƙwarai, gama ya san yadda suka rabu. Allah kuwa ya yi alheri, 'yan'uwan nan biyu suka rungumi juna suka yi kuka. Daga nan Isuwa ya kawo shawara su kama hanya tare.

Ka dubi bambancin ayarin nan biyu. Na Isuwa maza ne zalla, in sun tashi sai tafiya. Na Yakubu kuwa akwai mata, da 'ya'ya maza 11 da 'yar'uwarsu Dinatu, babban cikinsu bai wuce shekara 13 ba, ga kuma tumaki da shanu masu shayarwa. Yakubu ya ƙi shawarar cikin ladabi. A aya ta 13 da ta 14 ya bayyana dalilinsa. Ya ce yaran ba su yi ƙwari ba, dabbobi masu 'ya'ya kuma in aka matsa musu yini ɗaya kawai za a yi asararsu, saboda haka shi zai biyo baya a hankali, gwargwadon yadda yara da dabbobi za su iya. Mai yiwuwa da sauran tsoron Isuwa a zuciyarsa, gama daga baya Sukkot ya nufa, bai tafi Seyir ba. Duk da haka abin da ya faɗa gaskiya ne, kowane makiyayi zai shaida.

Yaya aka yi Yakubu ya san wannan? Ya sani domin ya yi aikin da hannunsa. A Farawa 31:38-40 ya tuna wa Laban yadda rana ta ƙona shi, sanyi ya dake shi, barci ya gagare shi saboda garke. Da ya isa Sukkot ma bai tsaya ga gina wa kansa gida ba, ya yi wa dabbobinsa rumfuna. Ga darasin a taƙaice: shugaban gida na kirki ya san ƙarfin kowa a gidansa, yana kuma daidaita tafiya da wanda ya fi rauni. Sannu ba ta hana zuwa.

2. Ka ƙidaya kayan gidanka

Ɗan'uwana, kafin ka ce gidanka lafiya, zauna ka ƙidaya. Ɗauki yinin mace a wani ƙauye na ƙasar Maraɗi ko Damagaram. Ta tashi tun duhu ta share gida, ta hura wuta, ta ɗumama tuwo. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka. Ta je rijiya ko famfo, ta nemo itace, ta dama fura ta kai gona, in damina ce ta yi noma a gonar gandu, ta kuma leƙa 'yar gonarta. Ta dawo ta ɗora sanwar dare, ta yi wa yara wanka, ta ɗaure awaki, ta rufe kaji. Duk wannan da goyo a baya, wani lokaci da ciki a gaba.

Ruwa kaɗai ya isa misali. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, wato jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan. Gida mai mutum 8, in kowa zai sami lita 20 a rana, ana bukatar lita 160, fiye da jarka 6. A kan wa suke hawa? A shekarar 2016 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata a duniya suna kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa. A 2018 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kashi 76 cikin 100 na aikin gida da reno, wanda ba a biya, mata ne ke yin sa. A matsakaicin lissafi mace tana yin awa 4 da minti 25 a rana, namiji awa 1 da minti 23.

A birni ma haka abin yake, ko a Yamai ne, ko Garwa, ko zangon Kumasi. Miji da mata duka sun fita neman abinci, ita malamar makaranta ce ko mai tebur a kasuwa. Sun dawo da yamma a gajiye. Shi ya shimfiɗa tabarma ya kunna rediyo ko ya kama waya, ita kuwa ta ajiye jaka ta kama wani sabon aiki har dare ya raba.

Akwai kuma aikin da ido ba ya gani, wato na tunani. Ita ce ke riƙe da ranar rigakafin jariri, da takalmin da ya matse wa yaro, da maganin tsohuwa, da abin da za a ba baƙi. Kai ma kaya ne.

Ba mu manta da wahalar maza ba. Huɗa da noma a tsakar rana, yaɓen ɗaki kafin ruwa ya sauka, kuɗin makaranta, cin rani a ƙasar da ba ka san kowa ba, duk nauyi ne na gaske. Akwai ma gidajen da miji ne ke ɗauke da kusan kome. Sai dai ka lura da abu ɗaya. Damina a ƙasashenmu na Sahel wata uku ce zuwa huɗu, in an kai amfani rumbu aikin gona ya yi sauƙi. Tukunya kuwa ba ta san rani ba.

3. "Ai wannan aikin mata ne"

Wannan ita ce amsar da aka fi ji. Wasu ma sukan kafa hujja da Farawa 2:18, inda aka kira mace mataimakiya, su ɗauka ma'anarsa 'yar aiki. A harshen Ibraniyanci kalmar ita ce "ezer". Da wannan kalma ce aka kira Allah kansa mai taimakon jama'arsa a Zabura 33:20 da 121:2, daga gare ta kuma Musa ya raɗa wa ɗansa suna Eliyezer (Fitowa 18:4). Wa zai ce Allah baran Isra'ila ne? Kalma ce ta daraja. A Farawa 1:28 kuma, sa'ad da Allah ya ba da umarni a hayayyafa a kuma lura da halitta, su biyu ya yi wa magana.

Ka bi Littafi Mai Tsarki ka ga mazajen da muke girmamawa. Da baƙi uku suka zo wa Ibrahim, Saratu ta cuɗa gari, shi kuwa tsoho mai shekara 99 ya ruga garke ya zaɓo maraƙi, ya kawo abincin da kansa, ya tsaya yana hidima (Farawa 18). Yakubu ya iya girki, ya kuma kawar da dutse daga bakin rijiya ya shayar da tumakin da Rahila ke kiwo. Musa ya ɗebo wa 'ya'yan Yetro ruwa ya shayar da garkensu. Gidiyon ya sussuke alkama, ya kuma gyara ɗan akuya ya kai wa baƙonsa. Da gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima kan rabon abinci ga gwauraye, maza bakwai cike da Ruhu aka zaɓa su yi hidimar (Ayyukan Manzanni 6).

Sai kuma Ubangijinmu. A daren da aka bashe shi ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi (Yahaya 13). Bayan ya tashi daga matattu, almajiran sun kwana suna su ba su kama kome ba, suka iske shi a bakin teku da garwashin wuta, da kifi a kai, da gurasa (Yahaya 21). Mai nasara bisa mutuwa ya shirya wa gajiyayyu karin kumallo. In hura wuta bai rage masa ɗaukaka ba, me zai rage maka?

Maza da yawa sun haddace Afisawa 5:22-23, amma karatunsu yakan tsaya nan. Ci gaba zuwa aya ta 25 da ta 29. Bulus ya auna ƙaunar miji da ta Almasihu wanda ya ba da ransa, ya kuma ce miji ya kula da matarsa yadda yake kula da jikinsa. Ba wanda hannunsa na dama zai ɗauki buhu har ya sage, na hagu yana cikin aljihu. Bitrus ya ƙara da gargaɗi mai ban tsoro a 1 Bitrus 3:7: mijin da ba ya zama da matarsa da fahimta da girmamawa, addu'arsa na iya samun cikas.

Wasu kuma sukan karanta wa mata Karin Magana 31 kamar bulala. Ka karanta da kyau. Matar nan tana da 'yan mata masu taya ta aiki, tana da ikon sayen gona, mijinta yana yabonta a fili, surar kuma ta ƙare da umarni a ba ta ladan aikinta. Wanda ke son mace irin wannan, sai ya zama miji irin wancan.

Mun san abin da ke hana maza da yawa: tsoron a kira su mijin tace. To, ka auna. Masu dariya a bakin kasuwa ba su ne za su yi jinyar matarka in ta faɗi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4. Yara na mutum biyu ne

A Afisawa 6:4 ubanni aka kira da suna a kan tarbiyya. A Maimaitawar Shari'a 6:6-7 an umarci iyaye su koya wa yara maganar Allah a zaune, da a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Uban da ba ya nan a waɗannan lokatai, yaushe zai koyar? Bulus ma ya sa kula da gida cikin sharuɗɗan shugabancin ikilisiya (1 Timoti 3:4-5). Ya kamata mu fastoci da dattawa mu fara jin wannan kafin kowa.

Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Shayarwa ba za ka iya ba, amma za ka iya karɓar yaron bayan ya sha ka jijjiga shi, uwar ta runtsa. Za ka iya yi wa manyan wanka, ka shirya su makaranta, ka duba littattafansu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta je awo aƙalla sau 8. Wa zai riƙe gida a waɗannan ranaku? Rigakafin ƙyanda ana yin sa ne a wata 9. Ka san watan ɗanka?

Ka kuma lura da abin da yara ke koya. In 'ya mace na wanke-wanke wanta yana ƙwallo, ka riga ka koya wa su biyun yadda aurensu zai zama. Rahoton UNICEF na 2016 ya nuna 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 sun fi 'yan maza ɓata lokaci a aikin gida da kashi 40 cikin 100. Lokacin karatunsu ne ake ci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Koya wa ɗanka shara da girki, wata rana zai gode maka.

5. Dabbobin gida

Karin Magana 12:10 ya sa kula da ran dabba cikin alamun adali, 27:23 kuma ya ce mutum ya san halin da garkensa ke ciki. A misalin da annabi Natan ya ba Dawuda, matalaucin nan da kansa ya yi renon 'yar tunkiyarsa, ta girma tare da 'ya'yansa (2 Sama'ila 12:3).

A gidajenmu fa? Maigida ya sayo rago don kiwo, ko ya kawo kare don gadi, ko yara su roƙo kyanwa. Mako biyu ana murna. Daga nan yankan ciyawa, da ban ruwa, da sharar turke, duk sun koma kan uwargida, ba tare da an tambaye ta ba. Ranar sayarwa kuwa kuɗin ya san aljihun da zai shiga. Wannan rashin gaskiya ne. Wanda ya kawo dabba ya ɗauki nauyinta, wadda ta yi wahala kuma ta ci moriya.

Akwai batun lafiya a ciki. Ma'aikatan lafiya suna gargaɗi kada mace mai ciki ta kwashe kashin kyanwa ko ta karɓi haihuwar akuya da tunkiya, gama akwai cututtukan da ke iya cutar da abin da ke cikinta. Aikinka ne wannan, maigida. Haka kuma allurar kare. Ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kai karenka wurin likitan dabbobi. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti nan take.

6. Ranar hutu ta kowa ce

Dokar Asabar a Maimaitawar Shari'a 5:14 ta haɗa da 'ya'ya, da barori, da baƙo, har da sa da jaki. Allah bai bar kowa a baya ba. Amma ka dubi Lahadi a gidajen masu bi da yawa. Uwargida ta tashi da asuba ta yi girki, ta shirya yara biyar, ta iso majami'a an riga an fara sujada. Maigida tun ɗazu yana zaune a gaba da fararen kaya, yana jin haushin makararta. Tana gyangyaɗi lokacin wa'azi, a ce ba ta da himma. Bayan sujada ga baƙi. Jakin gidan ya huta, matar gidan ba ta huta ba. Yesu ya yabi Maryamu da ta zauna ta ji magana (Luka 10:38-42). Ka taɓa ba matarka zarafi ta zauna ta ji?

7. Magana gare ki, 'yar'uwata

Kada ki haɗiye gajiya har ta zama ɗaci. Mijinki bai san gaibu ba, abin da kuma ba a faɗa ba da wuya a gyara shi. Nemi lokacin da hankali ke kwance, ba gaban yara ko baƙi ba, ki ce, "Maigida, ina da magana. Ƙarfina ya fara kasawa, ina roƙo mu duba aikin gidan nan tare." Faɗi abin da kike bukata dalla-dalla. In ya kama aiki bai yi daidai yadda kika saba ba, kada ki yi masa dariya ko ki ƙwace. Wanda aka kunyata ranar farko ba ya komawa. Kada kuma ki hana shi don tsoron bakin maƙwabta. Ki lura da nasa nauyin, ki gode masa. In kuwa ke ce kika sakar wa mijinki kome, darasin nan naki ne duka.

Ku iyayenmu mata, in kun ga ɗanku ya ɗauki jarka ko ya goya ɗansa, ku sa masa albarka. Kada ku ce an mallake shi. Wahalar da kuka sha ba gādo ba ce da dole sai surukarku ta karɓa.

8. Abin yi a wannan mako

Ku zauna ku biyu da takarda, ku rubuta dukan aikin da ake yi a gidan daga asuba zuwa dare, har da na tunani, ku sa sunan mai yin kowane. Ba lalle a raba kome biyu daidai ba. Abin nema shi ne kada ɗaya ya durƙushe ɗaya yana hutawa.

Maigida, zaɓi aiki biyu su zama naka ɗungum, ba sai an tuna maka ba. In kana da amalanke ko keke ko babur, ruwa da itace su ne wurin farawa. Ku ba kowane yaro, mace da namiji, aikin da ya dace da shekarunsa. Ku sake duba rabon in ciki ya zo, ko haihuwa, ko rashin lafiya. In cin rani zai raba ka da gida, ka shirya wanda zai taimaka da ruwa da dabbobi kafin ka tafi. Ku kuma tabbata kowa ya sami hutu ranar Lahadi.

Tambayoyi don bincike

1. Me ya sa Yakubu ya san ƙarfin yara da na dabbobi?
2. Wa ke fara tashi a gidanku, wa ke kwanciya a ƙarshe?
3. Wane aiki kake jin kunyar yi? Ka gwada shi da Yahaya 13:12-17.
4. Yaya zumuntar maza da zumuntar mata za su taimaki ma'aurata a kan wannan?

Addu'a

Ya Uba na Sama, mun gode maka domin Ɗanka wanda ya zo ya yi hidima. Ka buɗe idanunmu mu ga kayan da abokan zamanmu ke ɗauke da shi. Ka kawar da girmankai da tsoron mutane daga zukatanmu. Ka ƙarfafa waɗanda suka gaji, ka warkar da gidajen da gunaguni ya shiga. Ka koya mana tafiya tare, daidai ƙarfin yaranmu da na juna, har mu iso gida wurinka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, Amin.